Natsuwar mabiya Buda: a kasuwa ake gane ta

 Yau za mu yi nisa da gida, mu leƙa ƙasashen Asiya inda mafi yawan jama'a ke bin addinin Buda. Ba wa'azin addinin kowa muka zo yi ba. Akwai wata magana da ake yawan faɗi, wai koyarwar Buda da zaman natsuwa da mabiyansa ke yi su ne ke kawo zaman lafiya cikin ƙasa. Ita muke so mu auna, kamar yadda kuke duba tiya kafin ku biya kuɗin hatsi.

Shi zaman natsuwan nan, mutum ne zai zauna shiru, ya maida hankalinsa ga numfashinsa, in fushi ya taso ya lura da shi har ya kwanta, ba tare da ya bi shi ba. Akwai wani kashi nasa da mutum ke fara yi ma kansa fatan alheri, sannan masoyinsa, sannan wanda ba ruwansa da shi, daga ƙarshe maƙiyinsa. A baki abu ne mai sauƙi.

Mu fara da Kambodiya. Daga 1975 zuwa 1979 ƴan Kimar Ruj na Pol Pot suka riƙe ƙasar. Suka soke kuɗi, suka rufe kasuwanni, suka kori mutanen birni zuwa gonaki, suka kashe malaman Buda ko suka tilasta musu tuɓe mayafinsu. Mutane kusan miliyon 2 suka hallaka. Wani malami mai suna Maha Gosananda ya tsira domin yana Tailan a lokacin, amma danginsa kusan duka sun mutu. Wannan mutum yana da hujjar riƙe kowa a zuciya. Sai ya bar dajin da yake ibada ya shiga sansanonin ƴan gudun hijira na bakin iyaka, inda waɗanda aka zalunta da waɗanda suka yi zaluncin ke kwance wuri guda, yana koya musu wancan fatan alheri ga maƙiyi.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge mu. A watan Afrilu na 1992 ya ja gaban wani tattaki da ƙafa daga iyakar Tailan har Funom Pen, babban birnin ƙasar, tafiyar kusan wata guda, ta cikin yankunan da ake yaƙi, ƙasa cike da nakiyoyi. Mutanen ƙauyuka suka riƙa fitowa bakin hanya tun da asuba da bokitan ruwa don a sa musu albarka, wasu ma a nan suka gamu da ƴan uwansu da suka daɗe da fidda rai da su. Aka sake yin tattakin a 1993, dab da zaɓen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya, wanda Kimar Ruj suka yi barazanar wargazawa. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka fita. Ba mu ce tattakin kaɗai ya fitar da su ba, amma wanda ya ga tsoho ba makami ya ratsa fagen yaƙi, tsoronsa zai ragu. A 1994 aka buɗe wuta inda masu tattakin suke, malami guda da wata mata mai ibada suka mutu. Shekara ta zagayo, aka sake fita.

To, yanzu mu je Birmaniya, wadda ake ce ma Miyanma. Addini ɗaya ne, littattafai ɗaya, zaman natsuwa ɗaya, gidajen ibada kuwa ba iyaka. A ranar 20 ga Maris 2013, a garin Mektila, wata mata da mijinta mabiya Buda suka kai wani abin ado na zinari shagon wani musulmi don su sayar. Gardama ta tashi kan kayan da farashinsa, irin gardamar da kowannenku ya sani, wadda sau da yawa maƙwabcin rumfa ke kashewa da "ku yi haƙuri". Nan ba a samu mai kashewa ba. Aka kai hannu, taro ya taru, aka farfasa shagon. Da yamma wasu suka kashe wani malamin Buda, gari ya kama da wuta. Cikin kwana uku mutum fiye da 40 suka mutu, mafi yawansu musulmi, har da ɗaliban wata makarantar islamiyya, wajen 12,000 kuma suka rasa matsuguni. An ga masu mayafin malanta cikin masu ɓarnar.

Wutar ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ranar, wata ƙungiya mai suna 969, wadda malami Wiratu ya fi kowa ɗaga muryarta, ta daɗe tana yawo da wa'azi tana raba takardun liƙawa a shaguna da motoci, tana ce ma mabiya Buda kada su sayi komai wurin musulmi. Ku lura da kyau, ƴan kasuwa: ba daga bindiga aka fara ba, daga "kada ka sayi nasa" aka fara. Shekara huɗu bayan haka, a 2017, sojojin ƙasar suka kori ƴan Rohinga fiye da 700,000 zuwa Bangaladash.

Shi ya sa muke ganin masu cewa zaman natsuwa shi kaɗai zai gyara ƙasa sun yi gaggawa. Wiratu ma malami ne, ya san littafin, ya san zaman. Zaman yana iya sanyaya zuciyar mai yin sa, wannan ba mu musa ba, kuma duk wanda ya taɓa yin nadamar kalmar da ya faɗa ma mai saye cikin zafin rana ya san amfanin numfashi guda kafin magana. Amma abin da ya raba Gosananda da Wiratu ba yawan zama ba ne. Ɗaya ya tashi daga tabarmarsa ya tsaya gaban fushin mutanensa, ɗaya ya hau kan fushin ya yi suna da shi. Wani zai ce laifin siyasa ne da sojoji, ba na koyarwar ba. Mun yarda da rabin maganar. Sauran rabin kuwa, idan masu koyarwar suka yi shiru ko suka bi taro, mai shago bai ga amfanin abin da ke cikin littafi ba.

A Mektila ɗin nan, cikin waɗannan kwanaki, wani shugaban gidan ibadar Buda ya buɗe ƙofarsa ga ɗaruruwan musulmi, maza da mata da yara, ya ba su abinci da wurin kwana. Da masu adduna suka zo ƙofa suna neman a fito musu da su, ya ƙi, ya tsaya nan har ƙura ta lafa.