Gala ɗaya, ma'ana uku

Kalmar gala baƙuwa ce a Hausa, amma ta samu wurin zama. A Faransanci da Ingilishi sunan ƙasaitaccen bikin manya ne, irin Met Gala na birnin New York. A Legas kuwa Gala ɗan burodi ne mai nama a ciki, na kamfanin UAC, yana kasuwa tun 1962. Fasinjan da ya sauka daga jirgin ƙasan Abuja a tashar Rigasa ta Kaduna ya tambayi gala, abin sa wa a baki yake nema. In kuma saurayin unguwar ya ambaci gidan gala, zance ya sha bamban: dandalin dare ke nan da 'yan mata ke rawa, maza na yi musu liƙi.

Sunan mace mai rawa ba ya ƙetare iyaka lafiya. A Masar, alima na nufin mace mai sani, kuma a da haka ake kiran ƙwararrun mawaƙa mata da ke waƙa a gidajen manya. Turawan da suka ziyarci ƙasar suka haɗa su da masu rawar titi, waɗanda mai mulkin ƙasar, Muhammad Ali Pasha, ya hana wasa a Alƙahira a 1834, har kalmar ta shiga Faransanci da ma'anar 'yar rawa kawai. Geisha ta Japan, wadda sunanta ke nufin mai fasaha, ta gamu da irin wannan a bakin sojojin Amurka bayan 1945.

Matsalar Hausa ta fi ƙarfi wajen fassara. Sana'ar tuɓe sutura a gaban 'yan kallo, da ake yi a wasu mashayun Amurka da Turai, ba ta da suna nata a harshen. Sai mai fassara ya ɗauko 'yar gala ko karuwa ya maƙala, alhali kowacce da abin da take nufi. Da wannan sakacin ake jefa zabiya, 'yar amada da 'yar fim a kwando ɗaya, har da irin su marigayiya Barmani Coge, wadda ta yi suna a bukukuwan mata.

Wannan ba wanke gidajen gala ba ne. Ƙorafin iyaye kan ƙananan yara da ƙwaya abin dubawa ne. Amma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, da Hisba, da takwarorinsu a Kaduna, ya kamata dokarsu ta fayyace aikin da aka haramta: tsiraici ne, shigar da yara ne, ko kaiwa tsakar dare.