Madubi da bangon ɗakin haya

1/ 'Yan uwa ɗalibai masu zaman haya, ni dai a ganina babban madubi ba a manna shi da tef mai gam. Don Allah mu daina.

2/ Fenti gam ɗin yake kamawa, ba bulo ba. Zafin Afrilu na shigowa sai ya saki, madubi ya tarwatse, fenti ya ɓare. Ga asara, ga rigimar mai gida.

3/ Ƙusa da guduma kuwa filasta suke farfasawa.

4/ Gara ku nemi izinin mai gida, a huda ƙananan ramuka biyu da na'ura, a sa fisha da sukuru. Ranar tashi ɗan siminti ya toshe su.

5/ In ya ƙi fa? Ku jingina shi a ƙasa, ku tokare gindinsa kada ya zame. Kwalliya dai za ta yiwu.