Ba ka gama tuƙi ba sai ka rufe ƙofa

Ni dai a ganina, ajiye mota a bakin kwalta shi ma tuƙi ne. A kewayen babbar kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, sai mutum ya tsaya nesa da gefen hanya, ya banko ƙofa ba dube-dube, ɗan kabu-kabu da fasinjarsa su sha ƙasa. To, laifin wa?

Matsa sosai gefe, ka ja birkin hannu. In motar na kallon gangare, karkata tayoyin gaba wajen dakali. Sannan ka buɗe ƙofa da hannun dama: dole jikinka ya juya, idonka ya ga mai tahowa daga baya.

Daƙiƙa biyu ce fa, 'yan uwa. Karayar ƙafa kuwa watanni ce, ga iyali na jiran cefane.