FILIN MOTA: In Ribas Ya Fara Nawa

Wannan watan maganarmu a kan tsofaffin Marsandi ce masu canja giya da kansu, musamman 190 wadda aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, da har yau wasu dattawanmu a zango ba su yarda su rabu da ita ba.

Ciwon yakan fara a hankali. Ka sa ribas, mota ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai bayan daƙiƙa uku ko huɗu ta kama. Gaba kuwa lafiya lau. Sai mai mota ya ce ai tsufa ne, ya riƙa taka totur don ta kama da wuri. To, a nan ne ake yin ɓarnar.

Ga dalili. A cikin giyabos ɗin akwai wasu faya-fayen kuloci da ake kira B3, ba su da wani aiki sai ribas. Mai ne ke tura fistin ya matse su. In sun cinye, sai su riƙa zamewa, kuma duk taka totur ɗin da ka yi ƙona su kake yi. In aka daɗe a haka, fistin yakan wuce iyakarsa har ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. Ranar da ka ji ƙas-ƙas a ribas, ajiye motar.

Amma kafin a kwance komai, a duba mai. Injin na aiki, mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri mai daidai, giya a kan P. Man kirki ja ne garau. In ya yi baƙi yana ƙauri, faya-fayai sun ƙone, kuma sabon mai ba zai dawo da su ba. In ya ragu ne kawai, a cika da Dexron, a nemo inda yake yoyo. A leƙa ƙarƙashi kuma a duba robobin sandar giya, don in sun ruɓe, kai ka sa R amma giyabos bai samu saƙon ba. Wannan gyaran kuɗin goro ne.

In B3 ne, dole a sauke giyabos. Sai dai faya-fayan suna gaba-gaba, bayan famfon mai, ba sai an wargaza duka ba. A sa sababbi da robobin fistin, a canja mai da matacinsa.

Wani bakanike zai ce maka ka tafi Suame a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara ka sayo giyabos na hannu, ka huta. Ni dai ban cika son shawarar nan ba. Wanda za ka sayo shi ma ya haura shekara 30, ba ka kuma san irin ribas ɗin da ya sha a Jamus ba. In dole sai ka saya, ka yi sharaɗi da mai shago a gaban shaida cewa in an ɗora bai kama nan take ba, za ka mayar masa da abinsa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.