Lasisin Mai Kemis: Ikon Hukuma da Amanar da Ke Wuyanta

  

Duk wanda ya san ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko garuruwan da ke kan iyaka a ƙasar Ɓaɓura, ya san cewa idan zazzaɓi ya kama yaro cikin dare, ƙofar farko da uba yake ƙwanƙwasawa ita ce ta mai kemis. Babban asibitin Kazaure yana da nisa ga wanda ba shi da kuɗin mota, mai kemis kuwa maƙwabci ne, yana ba da bashi, ana kuma kiransa likita. A takarda, lasisinsa bai wuce sayar da magunguna masu sauƙi a cikin kwalinsu ba. A zahiri kuwa, wasu suna yin allura, suna ƙarin ruwa, har da ɗinke rauni. Wannan ne ya sa ake ta ƙara wa hukumomin ba da lasisi ƙarfi, kuma a kan wannan nake so mu yi nazari yau da ma'aunin addininmu.

A shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wato PCN, wadda ta maye gurbin dokar 1992. Dokar ta fayyace ikon hukumar a kan masu kemis da duk wuraren da ake ajiye magani ko sayar da shi, ta kuma ƙarfafa hannunta wajen rufe shago. A watan Fabrairu na 2024 aka ga aikin wannan iko a Kano, inda PCN da NAFDAC suka rufe shaguna sama da 1,000 a Sabon Gari da kewaye, domin tilasta wa dilolin magani komawa sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro. Ita ma jihar Kano tana da tata hukumar, PHIMA, mai rajistar asibitoci masu zaman kansu da rufe waɗanda suka saɓa ƙa'ida. Abin da ya faru a Kano ya shafe mu kai tsaye, domin daga can ne masu kemis na Kazaure da Roni suke saro kaya.

Da yawa cikin matasanmu suna ɗaukar lasisi a matsayin abin da Bature ya kawo, wanda babu ruwan addini da shi. Wannan fahimta tana da gyara. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi da ke nuna cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, to shi ke da alhakin biyan ɓarnar da ya jawo. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci hukunce-hukuncen addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Imam Abu Hanifa, wanda aka san shi da ƙin taƙaita 'yancin baligi mai hankali, ya yarda a hana mutum uku aiki saboda cutarsu tana shafar jama'a: mai fatawa marar tsoron Allah, da jahilin likita, da mai ba da hayar abin hawa wanda ya tsiyace yana karɓar kuɗin mutane. Ko a ƙasar Hausa, tun kafin zuwan Turawa, wanzami ba ya ɗaukar aska ya yi wa ɗan wani kaciya sai ya koya a hannun na gaba da shi, kuma akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara, kamar yadda mahauta suke da Sarkin Pawa, maƙera suke da Sarkin Maƙera.

Saboda haka ni ina cikin masu goyon bayan a ba hukuma ikon hana jahili wasa da ran mutane. Wanda ya ga yadda maganin tari mai kodin ya lalata samari da 'yan mata a Arewa, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018, ba zai ce a bar kasuwar magani babu mai tsawatarwa ba. Sai dai iko amana ne, kuma gwargwadon yadda ya faɗaɗa, gwargwadon yadda hisabinsa yake ƙaruwa.

Akwai darasi a tarihin Bagadaza. A shekara ta 319 bayan Hijira, wato 931 Miladiyya, wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren likita, sai Halifa Muƙtadir ya ba da umarni a dakatar da masu magani har sai babban likita Sinanu ɗan Sabit ya jarraba su. Marubuta tarihi sun ce waɗanda abin ya shafa sun haura 860. Abin lura shi ne, Sinanu yana ba kowa izini ne daidai da abin da ya iya. An ce wani dattijo ya amsa masa cewa bai iya karatu ba, kuma da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Sinanu bai kore shi ba, sai ya gindaya masa sharaɗin ya tsaya a kan magunguna masu sauƙi da ya sani, kada ya taɓa manyan cututtuka. Da wannan hukunci aka kare majinyaci, aka kuma bar wa talaka hanyar abinci.

Wannan ma'auni nake so a ɗora a kan duk wata hukuma, ta tarayya ko ta jiha, da ake neman a ƙara mata ƙarfi a Jigawa. Da farko, lasisi ya zama shaidar ilimi. Idan abin da ake dubawa shi ne rasit ɗin biyan kuɗi kawai, to jahili mai kuɗi zai samu takarda, mai ilimi marar hali ya rasa, kuma kuɗin da aka karɓa ya kusanci harajin zalunci da malamai suke kira maksu, wanda Imam Zahabi ya lissafa cikin manyan zunubai.

Na biyu, hanyar samun lasisin ta zo kusa da mutane. Daga Gwiwa zuwa Dutse tafiya ce mai tsawo da sai an ratsa ta jihar Kano. Hukumar da motarta za ta iya zuwa ƙauye ta sa kwaɗo a shago, lalle za ta iya zuwa Kazaure ta yi horo da jarrabawa da harshen Hausa. PCN ta riga ta gwada tsarin matakai uku ga masu kemis a Kaduna da Legas, inda wanda ya yi karatun kiwon lafiya yake samun izini fiye da wanda bai yi ba. Wannan shi ne hukuncin Sinanu a sabuwar riga, kuma yankinmu ya fi kowa buƙatarsa, domin rufe shago ɗaya tilo a ƙauye ba ya kawo likita. Abin da yake kawowa shi ne mai tallar ƙwayoyi a kan tire ranar kasuwa, wanda rana ta gasa maganinsa, kuma ba a san inda za a same shi gobe ba.

Na uku, a sa ido a kan masu sa ido. Yawancin irin waɗannan hukumomi 'yan sana'ar ne da kansu suke cikinsu, kuma ɗan Adam yana son rage abokan gasa. A Amurka, rahoton fadar shugaban ƙasa na 2015 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata suna buƙatar lasisi, alhali a shekarun 1950 ba su kai biyar cikin ɗari ba. A wannan shekarar ce Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kan hukumar likitocin haƙori ta jihar Karolina ta Arewa, wadda ta kori masu sana'ar haskaka haƙori daga kasuwa, ta ce hukumar da 'yan sana'a suka mamaye dole gwamnati ta riƙa duba ayyukanta. Mu ma muna buƙatar wanda aka rufe wa shago ya san laifinsa a rubuce, ya kuma sami kotu ko kwamitin da zai saurare shi ba tare da ya nemi ɗan siyasa ba. Dokar da ta kama yaron ƙauye ta tsallake asibitin mai uwa a gindin murhu ta rasa albarka tun daga tushe.

Ya ɗan uwana da ke tsaye a bayan kanta, kai ma akwai naka. Rashin adalcin wani jami'i ba ya halatta maka soka allurar da ba ka koya ba. Ka nemi lasisi, ka tsaya inda iliminka ya tsaya, ka iya cewa uwar yaro ta tafi asibiti ko da cinikin ranar zai kuɓuce maka. Kai kuma da Allah Ya ba aikin dubawa, ka tuna cewa duk shagon da ka ƙyale saboda na goro, kana da kaso a cikin abin da zai biyo baya, kuma duk wanda ka rufe bisa zalunci, iyalin mai shi za su tsaya da kai gaban Allah.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya sa mu ci halal.