Harajin ramuwa a Amurka: kuɗin na fita ne daga aljihun mai shigo da kaya

Idan wata gwamnati ta tallafa wa masana'antunta har kayansu suka karya farashi a wata ƙasa, dokokin Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, OMC, sun bai wa ƙasar da ta cutu damar ɗora wa kayan ƙarin haraji daidai gwargwadon tallafin. Shi ne ake kira harajin ramuwa. Mutane da dama na ɗauka ƙasar da ta ba da tallafin ce ke biya. A zahiri, duwan ba ta san kowa ba sai wanda sunansa ke kan takardar shigo da kaya.

Batun takin zamani na Maroko ya nuna haka. A 2020 kamfanin Mosaic na Amurka ya kai ƙara cewa kamfanin OCP na Maroko na samun tallafin gwamnati wajen haƙar fosfat. A 2021 hukumomin Amurka suka ɗora wa takin harajin kusan kashi 20 cikin 100. Bitar da aka yi a 2023 ta sauko da shi zuwa kimanin kashi 2, ta 2024 kuma ta mayar da shi sama da kashi 16.

Wannan hawa da sauka shi ne babbar matsalar ɗan kasuwa, domin a tsarin Amurka abin da ya biya ranar da kaya suka shigo ajiya ce kawai. Ma'aikatar Kasuwanci kan sake lissafi daga baya, wani lokaci bayan shekara biyu ko uku. In adadin ya ragu, a mayar masa da rara. In ya ƙaru, ya cika gibin har da kuɗin ruwa, alhali ya daɗe da sayar da kayan a tsohon farashi. Shi ya sa ake tilasta masa ajiye takardar lamuni ta kamfanin inshora kafin a saki kaya.

Akwai wasu wajibai. Shi ne zai bincika ko kayansa na cikin jerin waɗanda aka ɗora wa harajin, ya faɗi ainihin ƙasar da aka ƙera su da masana'antar da ta yi su, tunda kowace masana'anta da nata adadin. Ɗaukar wakili ya cika takardu bai sauke masa nauyi ba. Wanda ya bi da kaya ta wata ƙasa don ɓoye asalinsu kuwa, tara na jiransa bayan harajin.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya. Da ta ɗora harajin ramuwa kan motocin lantarki na Sin a watan Oktoban 2024, kashi 17 ga BYD da 35.3 ga SAIC, ta tsayar da adadin tun daga farko, mai shigo da kaya ya san abin da zai biya kafin jirgi ya taso.

Ko ta wace hanya, kuɗin na gangarawa zuwa ga mai saye. Manoman masara na Amurka sun yi ta kokawa kan tsadar taki, suna neman a janye harajin. An kare masana'anta guda, manomi kuma ya biya a farashin buhu.