Minti Ashirin Sun Ishi Magidanci

Mai karatu, wanda duk ya bi ta filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi da sassafe zai ga samari suna motsa jiki, amma da wuya ya ga magidanci ma'aikacin ofis. In an tambaye shi dalili, sai ya ce babu lokaci. Alhali kuwa daga shekara 30 naman jiki yake soma raguwa sannu a hankali, har wata rana tashi daga tabarma ya gagara sai an dafa bango.

To, wannan uzuri ba shi da ƙarfi. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya ƙarfafa jikinsa aƙalla kwana biyu a mako. Tun 1961 kuma rundunar sojan sama ta Kanada ta buga tsarin 5BX, watau motsi biyar cikin minti 11.

Dabarar ita ce zaɓen motsin da ke sa gaɓoɓi da yawa aiki lokaci guda: tsugunawa da miƙewa, kifewa a ture ƙasa da hannuwa, sai ɗaga jarka daga ƙasa ba tare da lanƙwasa baya ba. Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce. A yi kowanne sau 10 a jere, a huta minti ɗaya, a zagaya sau uku. Ran da ya yi sauƙi, a ƙara ruwa.

Mai hawan jini ya fara ganin likita tukuna. Allah Ya ba mu lafiya, amin.